Wane Kan Jirgi Ya Dace da Shantin a Ƙaramin Layin Dogo na Gida?

TAMBAYA

Ni tsohon ma'aikacin reluwe ne, na yi ritaya, ina zaune a Sabon Garin Zariya. Na fara aiki ina saurayi, a zamanin da taragun gyaɗa da auduga da shanu ke cika yadin tasha, kuma yawancin aikina a shantin na yi shi, wato haɗa taragu da raba su da jera su. Bara ɗana da ke aiki a Ingila ya aiko wa jikokina akwatin ɗan jirgin ƙasa mai amfani da lantarki, wanda aka rubuta OO a jikin kwalinsa. Yaran suka yi ɗokinsa na 'yan kwanaki suka watsar, ni kuwa abin ya shiga raina. Na sa kafinta ya yi mini allon katako, na shimfiɗa layi da mararraba biyu, ina so in riƙa jera taragu yadda muke yi a da.

To amma kan jirgin da ya zo a akwatin, wani mai ƙafa huɗu, bai san sannu ba. In na murɗa kwantirola kaɗan sai ya yi ta gurnani bai motsa ba, in na ƙara sai ya zabura ya bangaji taragu. In kuma na lallaɓa ya tafi a hankali, da ya hau mararraba sai ya tsaya cik, sai na zungure shi da yatsa. Ɗan nawa zai zo gida ƙarshen shekara, ya ce in faɗa masa wanda zai sayo mini. Ya turo hotuna: akwai wani ɗan ƙarami mai tururi, mai ƙafa huɗu, mai kyan launi, wanda ya burge ni, akwai kuma na dizal mai ƙafa shida da ake kira Class 08. Wanne ka ga ya dace? Kuma yaya mutum zai gane mai kyakkyawar tafiya kafin ya ba da kuɗinsa? Allah ya ƙara basira.

Daga tsohon ma'aikacin reluwe, Sabon Gari, Zariya

AMSA

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bari in fara da hukunci kafin hujja: ku ce wa yaron ya sayo mai ƙafa shidan nan, Class 08, amma ƙirar manya, ba sassauƙar da ake yi wa masu koyo ba. Sannan kafin ya iso, ku waiwayi mararrabarku da kwantirolarku, domin rabin abin da kuke kuka da shi daga nan yake. Abu ɗaya ake auna kan jirgin shantin da shi: zai iya rarrafawa, ya haye mararraba, ya taɓa tarago a hankali, bai yanke ba, bai zabura ba?

Kun fi ni sanin yadda shantin yake a yadi na gaske. Mutum yana tsaye gab da taragu yana jiran haɗawa, direba yana kallon hannunsa, duk wanda ya shigo da gaggawa kuwa ya jawo asarar kaya ko ta rai. Wannan natsuwar ake so a gani a kan allo, kuma tana da lissafi. A ma'aunin OO an rage komai sau 76, faɗin layin kuma milimita 16.5 ne. Tunda an rage tsawo sau 76, dole gudu ma ya ragu haka. Kan jirgin da ke tura taragu a kilomita 8 cikin awa, ɗan sama da saurin mai tafiya a ƙasa, a allonku santimita 3 kawai zai ci a daƙiƙa, mita ɗaya kuwa sai ya haura rabin minti. Class 08 na gaske, iyakar gudun da yawa daga cikinsu mil 15 ne a awa, kilomita 24 ke nan, wanda a kan allo bai kai santimita 9 a daƙiƙa ba. Ku yi alama biyu a layinku, tsakaninsu mita ɗaya, ku riƙe agogo. Duk kan jirgin da ba zai iya cin wannan mita cikin daƙiƙa 30 ko fiye ba tare da tsayawa ba, bai cancanci shantin ba, ko nawa aka saye shi.

Abin da ya sa tafiyar sannu ta fi wuya shi ne hanyar da wuta ke bi ta isa ga ɗan injin lantarkin da ke ciki, wato moto. Babu batir a jikin jirgin. Ƙarafan dogon nan biyu su ne wayoyin. Wuta ta fito daga kwantirola, daga sifili zuwa wajen bolt 12, ta bi ƙarfe ɗaya ta hau ƙafar jirgi, wasu 'yan siraran yatsun tagulla da ke gogar bayan ƙafar su ɗebe ta su kai wa moto, sannan ta komo ta ƙafafun ɗaya gefen. Inda ƙafa ke taɓa dogo kuwa ɗan ɗigo ne da ido ke gani da ƙyar, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta shiga tsakani. Idan jirgi yana gudu, ƙarfin tafiyarsa zai wuce da shi kan wurin. Idan yana rarrafe babu abin da zai tura shi, nan zai tsaya. Shi ya sa kan jirgin da ke zagaya da'ira yini guda lafiya lau yake ba da kunya ranar da aka sa shi shantin.

A nan yawan ƙafafu ke da tasiri. Ku dubi murhu: tukunya kan zauna daram a kan duwatsu uku ko ƙasa ba ta daidaita ba, in aka ƙara na huɗu sai a tarar da ɗaya wanda gindin tukunyar bai taɓa sosai ba. Haka mai ƙafa huɗu yake idan aksil ɗinsa biyu a kafe suke. Ƙafa uku ke ɗauke da shi, ta huɗun tana iya ɗagewa da kaurin gashi, ido bai gani ba amma wuta ba za ta tsallaka ba. Ke nan a gefe ɗaya ƙafa ɗaya tak ke ɗibar wuta. To a tsakiyar mararraba akwai inda ƙarafa biyu suka haɗu suka yi tsini, hancin mararraba ke nan, kuma a kayan da ke zuwa cikin akwatin masu koyo da roba ake yin sa don kada wutar ƙarafan biyu ta gamu. Da zarar ƙafar nan ɗaya ta hau robar, wuta ta ɗauke. Abin da ke samun naku ke nan duk lokacin da kuka kai yatsa.

Mai ƙafa shida yana da uku a kowane gefe, kuma ya fi tsawo. Daga aksil na gaba zuwa na baya, Class 08 na gaske mita 3.5 ne, a OO milimita 46. Idan ƙafa ɗaya tana kan roba, sauran biyun suna kan ƙarfe. Masu kyau a cikinsu ma akan bar wa aksil ɗaya ɗan wasa ko a sa masa sifirin, don ƙafafun su riƙa bin dogo duk inda ya ɗan lotsa. Su kansu masu ƙerawa sun san raunin ƙananan. Da kamfanin Hornby ya fitar da ɗan mitsitsin dizal ɗin nan Ruston 48DS, sai ya haɗa shi da buɗaɗɗen tarago wanda ƙafafunsa ma ke ɗebo wuta su tura wa kan jirgin ta waya, don ƙafa huɗu su zama takwas.

Wannan ba ya nufin ɗan mai tururin da ya burge ku ba shi da kirki. Ƙananan da aka ƙera a shekarun nan, irin su Peckett W4 da Hornby ya fitar a 2016, sun yi suna wajen tafiyar sannu, nesa ba kusa ba da na akwatin yara. Sai dai ba sa yafe wa layi kuskure: suna son dogo a miƙe sumul, a goge fes, da mararraba mai wuta a hanci. Ku bar shi ya zama na biyu, bayan layinku ya nuna ya isa. In kuma tururin ne ranku ya fi so tun yanzu, akwai masu ƙafa shida: Jinty na kamfanin jirgin LMS da 57xx na GWR, duka kamfanin Bachmann ya yi su a OO, kuma na gasken shantin na cikin manyan ayyukansu.

Bayan ƙafafu, abubuwa biyar ne yaron zai tambaya a shago.

Na farko, ɗibar wuta. Duk ƙafafu shidan su kasance da yatsun tagulla, kuma kada a sami wadda aka sa wa zoben roba don ƙarin riƙo. Zoben yana taimakon mai jan dogon jirgi, amma ƙafar da ke sanye da shi ta daina ɗibar wuta yadda ya kamata, ga tara dauɗa.

Na biyu, moto. Gurnanin nan da zaburar da kuka kwatanta halin ƙaramin moto ne mai koyil uku. Maganaɗisun da ke ciki yana riƙe da amecha, wato ɓangaren da ke juyawa, a wuri ɗaya, sai wuta ta yi yawa kafin ta ƙwace, in ta ƙwace kuma wutar ta riga ta wuce abin da tafiyar sannu ke buƙata. Mai koyil biyar ya fi santsi, musamman wanda aka karkace ramukan koyil ɗinsa, domin maganaɗisu ba ya samun wurin kama shi. Akan rubuta wannan a bayanin kayan, ya duba.

Na uku, giya. Ana so moto ya riƙa juyawa da sauri alhali ƙafa tana juyawa a hankali. Na akwatin yara an yi musu giyar gudu ne, domin yaro gudu yake son gani. Masu haɗa kan jirginsu da hannu sukan zaɓi giyar da moto zai juya sau 50 ko fiye kafin ƙafa ta juya sau ɗaya idan na shantin suke yi. Ba kowane kwali ke faɗin adadin ba, amma gwaji zai nuna: wanda aka buɗe wa wuta duka amma bai tashi sama ba, giyarsa ta shantin ce.

Na huɗu, filawil, wani dunƙulen tagulla da ke juyawa tare da moto. Nauyinsa na sa moto ya ci gaba da juyi na ɗan ƙiftawar ido bayan wuta ta yanke, yana kuma tausasa tashi da tsayawa. Yana taimako, amma a tafiyar rarrafe ƙarfinsa kaɗan ne, don haka ba zai maye gurbin tsabtar layi ba.

Na biyar, nauyi. Ya ɗauki kan jirgin a tafin hannu. Mai gindin ƙarfe za a ji shi da nauyi fiye da girmansa, kuma wannan nauyin ne ke danna ƙafa a kan dogo, wuta ta samu hanya, ƙafa ta samu riƙo.

Class 08 ya tara waɗannan, kuma siffarsa ma ta taimaka, domin dogon akwati ne mai faɗi da ke da wurin moto babba da ƙarfe mai yawa. Na gasken an ƙera guda 996 tsakanin 1952 da 1962 a ma'aikatun jirgin Biritaniya na Derby da Crewe da Darlington da Doncaster da Horwich, babu wani nau'in kan jirgin dizal da aka yi da yawa haka a ƙasar. Injinsa na kamfanin English Electric ne mai ƙarfin doki 350, yana juya janareta, janareta ta ba motocin lantarki biyu wuta, sandunan gefe su haɗa ƙafafun shida su yi aiki tare. Har yau akwai waɗanda ke bakin aiki a yadi da ma'aikatu. A OO, Bachmann ya fitar da nasa a 2000, ya kuma sake ƙera shi daga tushe a baya-bayan nan. Hornby ya fitar da nasa mai cikakken zubi a 2005, mai moto mai koyil biyar, kuma masu wannan sha'awa sun daɗe suna yaba rarrafensa. Kowanne daga cikin biyun ya samu, ya wadatar.

Inda yaron zai yi hattara shi ne suna ɗaya, daraja biyu. Hornby yana da jerin kaya masu rahusa da ake kira Railroad, an sauƙaƙa su don masu farawa da yara, kuma a ciki akwai mai kamannin Class 08. Ba shi nake nufi ba. Alamar da za a bambanta su da ita ko a hoto: a ƙirar manya ƙafafun suna ɓoye bayan firam na waje kamar na gaske, sandunan gefen ne kawai ke juyawa a fili. Haka nan in ya shiga kasuwar na hannu zai tarar da tsofaffin ƙirar kamfanonin Tri-ang da Lima da araha. Suna da ƙarko, amma leɓen ƙafafunsu mai kauri ne, suna tuntuɓe a kan siririn layin zamani, kuma ba don rarrafe aka yi motocinsu ba. In allonku ya matse har Class 08 ya yi masa girma, akwai ƙanensa Class 03 na Bachmann, shi ma ƙafa shida, sai dai bai kai shi nauyi ba.

Sai gwaji, wanda ya fi duk abin da aka rubuta a kwali, domin ko 'yan kwali ɗaya ba sa zama ɗaya. Shagunan wannan kaya a Ingila galibi suna da ɗan layin gwaji. Ya roƙa a ɗora masa, a buɗe wuta kaɗan-kaɗan har ya motsa, ya sunkuya ya sa ido a kan sandar gefe. Ƙafar Class 08 a OO faɗinta milimita 18 ne, a saurin shantin tana ɗaukar kusan daƙiƙa 2 kafin ta zagayo. Sandar ta hau ta sauka sumul, babu inda take ɗan cijewa ta saki. A gwada gaba, a gwada baya, domin wani yana tafiya lafiya ta fuska ɗaya ya yi ɗingishi ta ɗayar. A saurara: ƙaramar ƙara mai ɗorewa ba laifi, amma ƙas-ƙas da ke maimaituwa duk zagaye alamar tsagaggen haƙorin giya ce. A duba shi ta gaba yana tahowa, kada ya riƙa rangaji hagu da dama. In ta intanet ya saya, to ya gwada tun yana can, kafin ya sa a jaka. Mayar da kaya daga Zariya ba ƙaramin aiki ba ne. Sabon kan jirgi kuma yana son a sassaka shi: wajen rabin awa gaba, rabin awa baya, a matsakaicin gudu, ba tarago, don giya da aksil su zauna. Da'irar da ta zo a akwatin jikokinku ta isa wannan aikin.

Akwai wata ƙa'ida da nake so ku riƙe, domin za ta raba ku da zargin wanda bai yi laifi ba. Tsayawa iri uku ce. Idan jirgi yana tsayawa a wuri ɗaya na layi kullum, laifin layi ne. Idan yana cijewa duk lokacin da sandar gefe ta zo wani matsayi, ko a ina yake a layin, laifin cikinsa ne: ko sandar ta lanƙwashe, ko ƙafafun aksil ɗaya sun goce daga saitinsu. Idan kuwa tsayawar ba ta da wuri ba ta da lokaci, dauɗa ce, a ƙafa ko a dogo ko a bayan ƙafa inda yatsun tagulla ke gogawa. Don a gane yatsan da ba ya aiki, a kifa jirgin a kan soso mai laushi, a ɗauko waya biyu daga kwantirola a taɓa ƙafafun aksil ɗaya bayan ɗaya. Aksil ɗin da moto bai amsa ba, nan matsalar take. Don a gane ƙafar da ke ɗage, a ɗora shi a kan madubi a gwada zura siririyar takarda ƙarƙashin kowace ƙafa. Tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan 'yar'uwarta kuma milimita 14.5 ake nema a OO. In ta gaza ko ta wuce, jirgi zai riƙa tsalle a mararraba. Akwai ɗan ƙarfen awo da ake sayarwa don wannan, ba shi da tsada, yaron ya sa shi a cikin saƙo.

Yanzu mararraba. Kamfanin Peco, da ke garin Beer a yankin Devon, yana yin iri uku. Insulfrog hancinta roba ne, ta fi sauƙin haɗawa. Electrofrog hancinta ƙarfe ne mai wuta, babu inda ƙafa za ta rasa abin ɗiba, amma dole a sa mahaɗin roba a ƙarafa biyun da suka fito daga hancin, kuma ya fi kyau a ba hancin wayarsa ta kansa ta makunnin da ke sauya wutar duk lokacin da aka juya mararraba. Unifrog ita ce ta baya-bayan nan, hancinta ɗan ƙaramin ƙarfe ne da ba shi da wuta sai an haɗa wayar da ke ƙarƙashinsa. Tunda mararraba biyu kawai gare ku, canza su zuwa masu wuta a hanci ba zai ci kuɗi sosai ba, kuma duk mai gyaran rediyo da ya iya liƙa waya da dalma zai yi muku aikin. Amfanin da za ku gani a nan ya fi na ƙarin kan jirgi na biyu. Kada kuma ku dogara da mahaɗan dogo su kai wuta ko'ina, sukan saki da daɗewa. A liƙa wa kowane yanki na layi wayarsa daga ƙarƙashin allo. Sannan mararrabar ta kwanta shimfiɗe. Ƙusa ɗaya da aka buga da ƙarfi ta isa ta karkata ta.

Kwantirolar akwatin yara ma tana da hannu a zaburar. Mai kyau, irin na kamfanin Gaugemaster, tana sakin wuta daki-daki tun daga ƙasa, har tsohon kan jirginku za ku ga ya ɗan natsu. Wannan ita ce tsohuwar hanya, DC, kuma ga mai kan jirgi ɗaya a ƙaramin allo ta isa. Ɗaya hanyar ita ce DCC, wadda ta samo asali daga aikin Bajamushen nan Bernd Lenz, ta zama ƙa'idar kowa a shekarun 1990. A nan wuta cike take a layi kullum, wata 'yar dikoda a cikin jirgin ke karɓar umarni ta ba moto abin da ya dace. Ga mai shantin amfaninta biyu ne: dikodar tana auna juyin moto tana ƙara masa ƙarfi in ya fara nauyi, kuma ana iya haɗa mata kafasita da ke ajiye wuta ta ci gaba da ciyar da moto na ɗan lokaci idan ƙafa ta hau dauɗa. Shawarata ku fara da DC mai kyau, amma kan jirgin ya zama wanda aka rubuta DCC Ready a kwalinsa, wato akwai soket a ciki da za a cusa dikoda duk ranar da kuka so. Abin kiyayewa ɗaya: kada a bar kan jirgi marar dikoda a kan layin DCC, motonsa na iya ƙonewa.

Akwai kuma abin da littattafan Ingila ba za su faɗa muku ba, domin ba su san hunturun Zazzau ba. Ƙurar da ke sauka a dare ɗaya ta isa ta tsayar da mafi tsadar kan jirgi. Ku yi wa allon murfi, ko ku riƙa lulluɓe shi da zane mai tsabta, kan jirgin kuma ya kwana a kwalinsa. Kafin ku fara, ku goge saman dogo da farin ƙyalle da aka ɗiga wa sifirit irin na masu gyaran wayar hannu. A nan gida za ku saya, domin ba a hawa jirgin sama da shi. Baƙin layin da zai fito a ƙyallen shi ne abin da ke tsayar muku da jirgi. Kada ku kusanci dogo da samfefa, ƙarcen da za ta bari ma'ajiyar dauɗa ne. Ku kanga maganaɗisu a ƙarfen layinku: in ya kama, baƙin ƙarfe ne mai tsatsa da damina, gara a sauya shi da farin gamin nikel wanda maganaɗisu ba ya kamawa. Taragu masu ƙafar roba suna kwasar dauɗa suna shafa wa layi, masu ƙafar ƙarfe sun fi. Mai kuwa ɗigon bakin allura ne a kan aksil da giya, kuma irin wanda aka yi don wannan kaya, wanda ba ya cin roba. Ban da bakin mai, ban da man feshi na kwance tsatsa. Mai da ya yi yawa, in ya gamu da ƙurarmu, taɓo yake zama. Saboda zafin bazara, ku bar 'yar tazara kamar kaurin kati a mahaɗan dogo don ƙarfe ya samu wurin miƙewa, a kuma ɗaure allon da katako ta ƙasa kada ya bankare. Filogin Ingila irin namu ne mai baki uku, ƙarfin wutar ma ɗaya ne, sai dai hawa da saukar wutar NEPA da ta janareta na kashe ƙananan na'urori. Ku bi ta sitabilaiza ko inbata, in kun gama ku zare.

Da mararraba biyun nan, kun riga kun mallaki shahararren tsarin shantin da wani Baturen Ingila, Alan Wright, ya yi suna da shi, wanda ake kira Inglenook. Layuka uku ne: ɗaya yana ɗaukar tarago 5, biyu suna ɗaukar 3 kowanne, layin da kan jirgi ke ja da baya a kai kuma yana ɗaukar kan jirgin da tarago 3 kacal. Taragu 8 ake zubawa, a yi ƙuri'a a fitar da 5, a jera su bisa tsarin da ƙuri'ar ta ba da. Jeri 6,720 daban-daban ke iya fitowa. Class 08 a OO tsawonsa kusan santimita 12 ne, gajeren tarago kuma wajen 8, don haka allo mai tsawon santimita 120 da faɗin 30 ya ɗauke shi duka. A irin wannan wasa jirgi yana haye mararraba sau da yawa cikin 'yan mintoci, kullum a hankali, kullum yana tsayawa yana juyawa. Nan ne za ku ga ribar duk abin da na lissafa. Ku duba ƙugiyoyin taragun ma su zama tsayi ɗaya, domin wadda ta sunkuya takan maƙale a mararraba.

Saboda haka, Baba, ga saƙon da za ku ba yaron bisa tsari: Class 08 ƙirar manya, na Hornby ko na Bachmann, wanda ya ga rarrafensa gaba da baya da idonsa, mararraba biyu masu wuta a hanci da mahaɗan robarsu, kwantirola mai kyau, ɗan ƙarfen awon ƙafa da 'yar kwalbar mai. In kuɗin bai kai duka ba, a fara da kan jirgin da mararraba, sauran su biyo baya. Ɗan mai tururin ya jira zuwa wata shekara. Allah ya kawo shi gida lafiya, ku kuma in kun gwada ku rubuto mana daƙiƙa nawa ya ci a mita ɗaya.